Gurbi 132: Waiwaye Kan Takardar Da Ta Fi Firinta Faɗi

Wanda ya yi aiki a sashen kuɗi na banki, ko ma'aikatar gwamnati, ko wani babban kamfani a shekarun 1980 da 1990 ba ya bukatar a kwatanta masa takardar rahoton ƙarshen wata. Faɗinta ya kusa inci 15, gefenta biyu duk huji ne, shafukanta a haɗe suke an ninke su gaba da baya, an zizara mata kore da fari don kada ido ya ɓace tsakanin sunan ma'aikaci a hagu da abin da ya rage masa na albashi can ƙuryar dama. Kowane layi yana ɗaukar harafi 132. Rigima takan tashi ranar da aka ce a fitar da wannan rahoto a ƙaramar firintar da ke reshe, wadda ba ta wuce harafi 80 a layi, kuma abin da ya haɗa ta da kwamfuta siririyar wayar siriyal ce. A injinan Unix, maganin wannan ɗan fayil ne na umarnin shel, wanda sau da yawa bai kai layi ashirin ba. Yau an kusa daina rubuta irinsa, kuma ana ɗaukar hakan ci gaba ne tsantsa. Ci gaba ne, babu musu. Amma a ganina matsalar faɗi tana nan daram. Abin da aka yi kawai shi ne an ɗauke shawarar da ake yankewa a kanta daga inda mutum yake rubuta ta da hannunsa, an kai ta inda manhaja ke yanke ta shiru ba tare da kowa ya lura ba.

Alƙaluman wannan labari duk suna da asali. 80 ya fito ne daga katin huji na IBM na 1928. 72 faɗin layin Teletype Model 33 ne, irin na'urar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka yi aiki da ita suna gina Unix a Bell Labs, aikin da ya faro a 1969. Shi kuwa 132 firintar IBM 1403 ta 1959 ce ta yayata shi: a ma'aunin harafi 10 a inci ya ci inci 13.2, saura na hujin gefe. A tsaye kuma, layi 6 a inci a kan shafi mai tsawon inci 11 ya ba da layi 66. Masu rubuta manhajojin lissafi, galibi da COBOL, a kan wannan ma'auni suka yanka rahotanninsu, shi ya sa da kamfanin DEC ya fitar da allon aiki na VT100 a 1978 ya sa masa yanayi biyu, na gurbi 80 da na 132. Har gobe umarnin pr na Unix, mai tsara rubutu shafi-shafi, yana ɗauka shafi layi 66 ne in ba a gaya masa wani abu daban ba.

Sai waya. Ƙa'idar RS-232, wadda sigarta mafi yaɗuwa ta fito a 1969, tana tura bayani bit ɗaya bayan ɗaya. Harafi guda yakan ci bit 10 in an haɗa da na buɗewa da na rufewa, don haka a gudun 9600 harafi 960 ke wucewa a daƙiƙa. Fa'idarta ita ce ana iya jan ta nesa, daga ɗakin kwamfuta har ofishin akawu. Aibinta kuma, ba ta gabatar da kowa ga kowa: kwamfuta ba ta san wace firinta ke ɗaya ƙarshen ba, ba ta ma san ko akwai ba. Dole mutum ya daidaita ɓangarorin biyu da kansa. A firinta ya buɗe murfi ya tura wasu mitsi-mitsin makunnai da bakin biro, a kwamfuta ya kira umarnin stty ya faɗi gudu da yawan bit da ko akwai bit na tantancewa. In aka saɓa ko da abu ɗaya ne, firinta ta dinga zubo shirme ke nan, shafi bayan shafi, har sai an kashe ta. Wannan ma da sauƙi, tunda ana gani. Kuskuren da ya fi haɗari ba ya yin ƙara. Firinta mai allura ta farkon shekarun 1980 tana buga harafi 80 zuwa 160 a daƙiƙa, waya kuwa tana kawo 960. Kamar mai awo ne yana juye hatsi a buhu: in mai riƙon buhun bai ce a dakata ba, ko ya faɗa ba a ji shi ba, hatsi ƙasa zai nufa. Wannan "dakata" ɗin alama ce ta musamman, XOFF, lamba 19 a ASCII, da firinta ke mayarwa in ma'ajiyarta ta cika, sai XON, lamba 17, in ta samu sarari. Wasu firintocin kuma ta wani zare daban a cikin kebul suke ba da sanarwar. In an manta da wannan a stty, ko kebul ɗin ba shi da zaren da ake bukata, shafin farko zai fito lafiya ƙalau, can gaba a fara rasa guntayen layi daga tsakiya. A takardar albashi, ma'anar wannan ita ce sunan wani ya haɗu da kuɗin wani.

Duk wannan sani a cikin ɗan fayil ɗin shel yake taruwa, kuma ya cancanci a dube shi kusa. Aikin farko stty ne, amma da wata dabara. A tsofaffin Unix irin su Xenix da SCO, da zarar an rufe kafar siriyal sai saitinta ya koma yadda yake, saboda haka wanda ya yi stty a layi ɗaya sannan ya tura fayil a layi na gaba ya yi aikin banza. Sai dai a kulle umarnan cikin baka biyu a buɗe kafar sau ɗaya, ko a bar wani umarnin sleep yana riƙe da ita a bayan fage. Sannan Unix yana rufe layi da alama ɗaya mai nufin a sauka ƙasa, alhali firinta biyu take jira, a koma farko kuma a sauka ƙasa. In ba a ƙara mata ba, kowane layi zai fara daga inda na sama ya ƙare, rubutu ya yi ta gangarawa dama har ya fice daga takarda. Kalma ɗaya a stty, wato onlcr, ke gyara wannan. Daga nan sai zancen faɗi. Epson, wadda MX-80 ɗinta ta 1980 ta zama abin koyi ga sauran kamfanoni, ta ware lamba 15 ta zama umarnin matse haruffa. In aka tura ta kafin rubutu, firinta ta koma buga kusan harafi 17 a inci, gurbi 132 ya shige inci 8. Mai rubuta fayil zai tura wannan bayit guda da echo ko printf, ya bi da rahoton ta cikin pr a faɗin 132 don a sa masa kai da lambar shafi, ya tura lamba 12 takarda ta miƙe zuwa sabon shafi, sannan, in mai ladabi ne, ya tura lamba 18 haruffa su koma girmansu, kada wanda zai buga wasiƙa bayansa ya tarar da ita da ƙananan rubutu. Wannan kuma ba aikin 'yan dabara ba ne kaɗai. A tsarin bugu na lp na Unix System V, abin da ke tsaye tsakanin layin jiran bugu da kowace firinta fayil ne na shel, wanda mai kula da inji ke buɗewa ya gyara yadda ya ga dama.

Rubutu mai gurbi 132 ba ya shiga 80 kyauta, sai an biya da wani abu. In aka datse shi da cut, an zubar da rukunan dama, inda jimla take. In aka naɗe shi da fold babu abin da ya ɓace, amma kowane layi ya zama biyu, alƙaluma sun daina tsayawa ƙarƙashin kawunansu, tebur ya tashi daga tebur. Matsewa ta fi su duka, sai dai ido ne ke biya, musamman in ribon ya tsufa ko kwafi na uku ne na kabon, inda ba a bambanta 3 da 8. Kwantar da rubutu ya bi tsawon takarda kuwa firinta mai allura ba ta iya shi da kanta, sai an zana mata kowane harafi ɗigo-ɗigo, a hankali. Har kamfanin Funk Software ya ci kasuwa da wata manhaja mai suna Sideways, wadda ba ta da aiki sai wannan, ga masu amfani da manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3. Abin da ya rage shi ne a sayi firinta mai faɗin gurbi 136, ko a koma wurin mai rahoton a tambaye shi ko da gaske yana bukatar rukuni goma sha huɗu. Ko wanne aka ɗauka, mutum ne ya ɗauka, ya san abin da ya sadaukar, ya kuma ajiye zaɓinsa a rubuce inda za a iya karantawa. Bayan shekara biyar in wani ya tambayi dalilin da rahoton haraji ke fitowa a matse, a buɗe fayil a nuna masa layin. Zaɓin kuma ba ya motsi: ko wa ya buga, ko da umarnin cron ne ya tayar da aikin da tsakar dare babu kowa a ofis, takardar iri ɗaya ce.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. LaserJet ta farko da HP ta fitar a 1984 ita ma ta kafar siriyal ake haɗa ta, harshenta na PCL kuma bai yi nisa da tsohuwar hanya ba: gajeren umarni ya kwantar da shafi, wani ya zaɓi haruffa 16.67 a inci, rubutu ya biyo baya. Masu fayilolin shel suka canza 'yan bayit suka ci gaba da harkarsu. Abin da ya juya tunanin gaba ɗaya shi ne PostScript na Adobe, wanda LaserWriter ta Apple ta yaɗa daga 1985, sai PDF a 1993. Shafi ya daina zama layuka da gurabe, ya zama fili da ake zane a kai, harafi ya ɗauki kowane girma ya fuskanci kowace kusurwa. USB ta zo a 1996 da abin da siriyal ta rasa, wato na'ura ta faɗi sunanta da kanta, kuma a 1998 Apple ta fitar da iMac babu kafar siriyal. CUPS na Michael Sweet, da ya fito a 1999, ya tattara aikin tacewa da juya fayil wuri guda. Kasuwa kuma ta cika da firintoci masu araha waɗanda ba su san harafi ba sam, ɗigo kawai suke karɓa daga manhajar direba. In ka tura musu rubutu tsantsa, babu abin kirki da zai fito.

To ina faɗin ya tafi? Takardar A4, wadda ita ce a ofisoshin Najeriya da Nijar, milimita 210 ce, inci 8 da 'yan kai, ba ta ƙaru ba. Rahoton ne ya ƙaru, domin shafin Excel ba shi da katanga a gurbi 132, rukuni talatin ko arba'in ba abin mamaki ba ne. Mai bugawa ko dai ya bar manhaja ta yayyanka teburin, rukunan dama su fito a wasu shafuka daban babu suna a gefensu, a zo ana liƙawa da salatif. Ko ya danna wurin da aka ce a daidaita da shafi, komai ya ƙanƙance har sai ya shiga. Datsewa da matsewar da ce, an canza musu riga. Amma akwai bambanci mai girma. Matsewar da tana da iyaka, harafi 17 ko 20 a inci, kuma wannan iyaka ce ke tilasta a koma a sake tsara rahoton. Ta yanzu ana iya yin ta har rubutu ya gagari mai tabarau, saboda haka ba a taɓa isa inda dole a tsaya a tambayi ko rukunan nan duk suna da amfani. Zaɓin kuma a akwatin da aka danna aka rufe yake zama. Gobe wani ya kai fayil ɗin shagon buga takardu na bakin titi ya fito da wata siffa.

Za a ce wannan kewar wahala ce kawai, kuma maganar tana da gaskiya a ciki. Fayilolin nan a ɗaure suke da samfurin firinta, umarnin da ke matse haruffa a Epson ba shi ne a DEC ba, ranar da aka sayo sabuwa sai a nemo littafinta a sake rubutu. Da yawansu babu ko layi ɗaya na bayani, mutum ɗaya ya san kansu, in ya yi ritaya ofis ya shiga uku. An sha kwana a kan kebul da mita ana neman wane zare ne na biyu, wane ne na uku. Bai kuma dace a ce sai akawu ya san lamba 15 kafin ya biya mutane albashi ba. Duk na yarda. Sai dai wahalar nan iri biyu ce, an saba cakuɗa su. Akwai wahalar waya, ta gudu da bit da makunnai, wadda ba ta koyar da komai game da rahoton. Wannan USB ta yi maganinta, Allah raka taki gona. Akwai kuma wahalar yanke shawara kan abin da takarda za ta ɗauka, wadda ta shafi ma'anar rahoton, kuma babu direban da ya san rukunin jimla ya fi rukunin lambar fayil muhimmanci. Da ta farko ta kau, sai aka ɗauka ta biyu ma ta bi ta. Za a kuma ce ai Excel yana adana saitin shafi, PDF kuma yana daskarar da shi. Haka ne, amma inda Excel ke yanke shafi yana iya gusawa in aka canza firinta, shi kuwa PDF sakamakon wannan watan yake adanawa, ba za ka buɗe shi ka ga ƙa'idar da za a bi wata mai zuwa ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi ga mai karatun Hausa daban ne. Wancan lissafi mai tsafta, harafi ɗaya bayit ɗaya gurbi ɗaya, a kan ASCII aka gina shi, mai alama 128 da aka tsara don Turancin Amurka. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa, balle Ajami mai tafiya daga dama zuwa hagu da haruffa a sarƙe. Firintar da ke ɗauke da haruffanta a cikinta ba ta buga abin da ba a sa mata ba, yana cikin dalilan da suka sa sunaye irin su Ɗanladi suka yi ta fitowa babu lanƙwasa a takardun ofis. Unicode, daga 1991, ya ba haruffan nan lamba, UTF-8 da Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 ya ba su hanyar shiga fayil, amma mayar da shafi zane ne ya sa kowace firinta ke iya fitar da su ba tare da ta san su ba. Wannan riba ce da ba a musanya ta da komai. UTF-8 ma ya karya tsohon lissafin, domin ƙ bayit biyu ce a gurbi ɗaya, tsohon umarnin da ke ƙirga bayit yana zaton harafi ne zai karkatar da duk layin da aka rubuta sunan Hausa daidai. Wanda ke kiran a koma zamanin siriyal bai yi wa harshensa adalci ba. Amma wannan ƙorafi kiran komawa yake rusawa, ni kuwa ba shi nake yi ba. Rubuta ƙa'idar bugu a fayil bai dogara da ASCII ba. Yau ma umarnin lp na CUPS yana karɓar zaɓin kwantar da shafi da yawan harafi da layi a inci. A4 a kwance, in an cire gefe, tana ba da kimanin inci 11, wanda a harafi 12 a inci gurbi 132 ne cif, sai dai layukan shafi sun sauka daga 66 zuwa arba'in da 'yan kai, dole a sanar da pr, in ba haka ba kan shafi ya riƙa faɗowa a tsakiyar takarda. Kayan aikin suna nan, al'adar amfani da su ce ta ja baya.

Wasu kuma za su ce takarda kanta ta kusa ƙarewa, a allo ake duba rahoto. Amma allon da yawancin mutane ke riƙe da shi na wayar hannu ne, wanda ya fi kowace takarda ƙunci, kuma duk wanda ya buɗe bayanin asusunsa na banki a waya ya san aikin ja da yatsa biyu, a ga kuɗi a rasa kwanan wata. Inda tsohuwar tarbiyyar ta rayu, abin mamaki, shi ne inda takarda ta fi ƙanƙanta. Rasit ɗin da mai POS ke yagowa a Kantin Kwari takarda ce mai faɗin milimita 58 ko kusa da haka, wadda layinta yakan ɗauki harafi 32. Yawancin firintocin rasit na kantuna da ESC/POS suke aiki, wanda shi ma na Epson ne, kuma har yanzu rubutu ne da 'yan bayit na umarni, wasu ta siriyal, wasu ta USB ko Bluetooth mai kwaikwayon siriyal. Mai tsara rasit ba shi da wurin dannawa a daidaita masa da shafi. Dole ya zauna ya ƙirga, sunan kaya gurbi nawa, kuɗi gurbi nawa, me za a gajarta. Shi ya sa rasit, duk da saurin koɗewarsa, ya fi rahotannin ofis da yawa sauƙin karantawa.

Firinta mai allura ma ba ta mutu ba, domin leza ba ta dukan takarda, ba za ta fitar da kwafi uku na kabon a bugu ɗaya ba, kuma takardun fitar da kaya daga sito har yanzu suna bukatar haka. Epson ta yi LX-350 da kafar siriyal a bayanta tare da ta USB. Kwamfutar da ba ta da kafar sai a sa mata ɗan adafta, Linux ta kira shi ttyUSB0, fayil ɗin shel da aka rubuta shekara talatin da suka wuce ya koma aiki bayan an canza sunan kafa da abin da ba a rasa ba. Direban da aka rubuta wa Windows 98 ba shi da wannan tsawon rai. Barazanar da hanyar ke fuskanta yanzu daga manhaja take. Masu kula da CUPS sun daɗe da sanar da cewa za su janye daga direbobi irin na da, da kuma layin jiran da ke wuce da bayani ɗanye ba tare da tacewa ba, don a koma ga IPP, inda firinta ke bayyana abin da ta iya a tura mata PDF ko hoton shafi. Ga firintar ofis ta zamani wannan sauƙi ne. Ga sito mai tsohuwar Epson da takardar kabon kuwa, ko dai a sa wata ƙaramar manhaja a tsakani ta gabatar da tsohuwar a matsayin sabuwa, ko a tsallake CUPS gaba ɗaya a buɗe kafar kai tsaye da stty da cat.